Ɗango biyu, kalma 14: ta ina ake sa wuƙa a feɗe waƙar Ezra Pound ta tashar jirgin Paris?

Habibu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ga wata 'yar waƙa da ke ba ɗaliban adabi wahala duk da ƙanƙantarta, ina so mu sa ta a faifai. Ta Ezra Pound ce, Ba'amurken nan da aka haifa a 1885, ya rasu a Italiya a 1972. An fara buga ta a mujallar Poetry ta birnin Chicago, fitowar watan Afrilu 1913, da sunan In a Station of the Metro, wato a wata tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa. Ga ta ɗungurungum:

The apparition of these faces in the crowd;
Petals on a wet, black bough.

In aka juya ta Hausa kai tsaye, kafin a yi mata kwaskwarima:

Bayyanar fuskokin nan a cikin taro;
Fallayen fure a kan jiƙaƙƙen baƙin reshe.

Iyakarta ke nan. Gadon feɗe waƙa da muka gada daga malamai irin su Abdulƙadir Ɗangambo yana tambayar jigo da warwararsa, zubi da tsari, sannan salo da sarrafa harshe. Waƙa mai baiti 40 tana da naman da za a rarraba wa waɗannan duka. Wannan kuwa baiti ɗaya ce tal, ƙwar biyu. Abin da aka fi gani a takardun ɗalibai iri biyu ne: wani ya ce "mawaƙin ya kamanta fuskokin mutane da furanni" ya ajiye biro, wani kuma ya cika shafi uku da zancen rayuwa da mutuwa wanda babu inda za ka ɗora yatsa a cikin waƙar ka ce ga shi. To ta ina ya kamata a faro?

Malama Rakiya:
Wa alaikumus salam, Malam Habibu. Kafin a ce uffan a kan ma'ana, a fara da ƙidaya. In waƙa ta kai wannan gajarta, ƙidayar kanta rabin sharhi ce.

Ɗangon farko kalma 8 ne, gaɓa 12. Na biyu kalma 6, gaɓa 7. Sunan waƙar ma kalma 6 ne, in ka haɗa duka 20. Sai a ware kalmomin 14 ɗin aji-aji. Sunaye biyar: bayyana, fuskoki, taro, fallayen fure, reshe. Sifa biyu kacal, jiƙaƙƙe da baƙi, kuma duka biyun a kan reshe suka sauka. Nunau guda ɗaya, wanda muka fassara da "nan". Sauran shidan ƙananan kalmomin haɗi ne. Aikatau babu ko ɗaya.

Duba abin da wannan ƙidaya ta fito da shi. Fuskokin da suka jawo waƙar ba a siffanta su da komai ba. Ba a ce kyawawa ba, ba a ce na mata ko na yara ba, ba a faɗi launinsu ba. Fallayen furen ma haka. Duk launin da ke cikin waƙar an zuba shi ne a kan abin da ke bayansu, kuma baƙi ne. Haskensu da kake gani a zuciyarka kai ka kawo shi, baƙin reshen ne ya tilasta maka. Sannan rashin aikatau ya ɗauke lokaci gaba ɗaya: ba ka san ko ya gansu jiya ba, ko yanzu yake ganinsu, ko tunawa yake yi. Na uku, babu "kamar", babu "tamkar", babu "ne". Ɗalibin da ya rubuta "ya kamanta" ya riga ya saka wa mawaƙin kalmar da shi da kansa ya ƙi sakawa.

Sagir:
Malama, da izininki. Ko ba "kamar" ai muna da sunan abin: siffantawa. In maroƙi ya ce wa mutum "giwa mai tafiya da ƙasaita" bai ce kamar giwa ba, kuma kowa ya gane. Me zai hana ɗalibi ya ce siffantawa ce, fuskoki su ne fallayen fure, taron mutane shi ne reshe, a wuce wurin?

Malama Rakiya:
Zai samu rabin maki, Sagir, amma bai gama ba. A kirarin da ka kawo, aron hanya ɗaya yake bi. Mutumin ya ari girman giwa, giwar ba ta ari komai a wurinsa ba, kuma ba wanda ya tsaya kallon giwar don kanta. Gwada wannan a waƙarmu. Rufe ɗangon farko da hannu ka karanta na biyu shi kaɗai. Hoto ne cikakke, yana tsaye da ƙafafunsa, ba ya jiran kowa. Yanzu buɗe. Fuskokin sun ari taushi da raunin fallen fure, gaskiya ne. Amma fallayen ma sun ari wani abu, sun koma kamar masu rai da ke kallonka. Tashar kuma ta ari danshi da duhun reshen, alhali ba a ce tana da duhu ba.

Kuma lissafin nan na "wannan daidai da wancan" yana karyewa a wuri ɗaya. Reshen mene ne? Taron mutanen ne cikin baƙaƙen tufafi? Dandamalin tashar ne mai tsawo? Jirgin ne? Ramin da jirgin ke fitowa ne? Duka huɗun dogaye ne, masu duhu, kuma waƙar ba ta zaɓa ba. Ɗalibi nagari zai jera su, ya nuna abin da kowanne ke ƙarawa, ya faɗi wanda ya fi gamsar da shi da dalilinsa. Wanda ya zaɓi ɗaya ya yi shiru a kan sauran ya rufe ƙofar da aka bari a buɗe da gangan.

Malam Iliyasu:
Madalla da wannan bayani. Bari in ƙara tarihin yadda aka yi ta, don shi mawaƙin ya ba da labarin da kansa a wata maƙala da ya buga a Landan a watan Satumba 1914, ya sake saka ta a littafin da ya rubuta a 1916 kan abokinsa masassaƙi Gaudier-Brzeska.

Ya ce shekara uku kafin nan, ya sauka daga jirgi a tashar Concorde a Paris, sai ya ga wata kyakkyawar fuska, ya ga wata, ya ga wata, ya ga fuskar yaro, ya sake ganin wata mace. Yini guda yana neman kalmomin da za su ɗauki abin da ya ji, bai samu ba. Da yamma yana tafiya gida ta titin Raynouard sai abin ya zo masa, amma da ɗigo-ɗigon launi, babu magana. Daga baya ya rubuta waƙa mai ɗango 30, ya yaga ta don a ganinsa ƙarfinta bai kai ba. Bayan wata shida ya yi wata mai rabin wannan tsawo. Bayan shekara ɗaya ya kai ga waɗannan ɗango biyu.

Amfanin wannan labari ga mai sharhi guda biyu ne. Na farko, ya nuna gajartar sassaƙa ce, an faro da gungume aka yi ta ragewa. Don haka tambayar da za a yi wa kowace kalma ita ce: me ya sa ke kika tsira alhali ɗango 28 sun tafi? Na biyu, ka kwatanta labarin da waƙar ka ga abin da ya zubar. A labarin ya yi ta maimaita kalmar kyau. A waƙar babu ita. A labarin akwai mata da yaro, akwai sunan tasha, akwai shi kansa yana saukowa. A waƙar duk sun tafi, har "ni" ɗin mawaƙi. Abin da ya rage daga gare shi nunau ɗin nan ne kawai, "fuskokin nan". Wanda ya ce "nan" yana tsaye a wurin, yana nuni da hannu.

Sai dai a kula. Labarin na taimakon karatu ne, ba ya zama waƙar. Akwai masu rubuta cewa waƙar tana magana a kan kyawawan matan Paris. Ba ta yi ba. Maƙalar ce ta yi.

Bilkisu:
Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Ni wurin da nake so mu daɗe shi ne alamar da ke ƙarshen ɗangon farko, don in babu aikatau, duk nauyin haɗin yana kanta. Kuma ba iri ɗaya ba ce a kowane bugu. A fitowar 1913 ruwa biyu ne (:). Wadda Malam Habibu ya kawo mai waƙafi mai ruwa (;) ita ce ta bugun baya, wadda ta fi yawo a littattafan makaranta.

Ruwa biyu yana cewa: ga bayanin abin da na faɗa. Yana tura ka gaba, ya mai da ɗango na biyu amsa ko fassarar na farko. Waƙafi mai ruwa kuwa ajiye abu biyu yake yi kafaɗa da kafaɗa, kowanne da matsayinsa, ya bar maka aikin haɗawa. Saboda haka gardamar Sagir da Malama Rakiya ma tana da alaƙa da bugun da mutum ya riƙe. Mai riƙe da na 1913 yana da 'yar hujjar cewa siffantawa ce. Mai riƙe da na baya hujjarsa ta ragu.

Akwai kuma abin da bugun baya suka share. A 1913 an bar fili mai faɗi a tsakiyar ɗangon, ya rabu gida uku-uku. Na farko: bayyanar, fili, fuskokin nan, fili, a cikin taro. Na biyu: fallayen fure, fili, a kan jiƙaƙƙen baƙin, fili, reshe. Hatta ruwa biyun da ayar ƙarshe an ja su nesa da kalmar da ke gabansu. Kuma ba kuskuren maɗaba'a ba ne, Pound ya rubuta wa editar mujallar, Harriet Monroe, cewa yana so a kiyaye waɗannan filaye don su ne ke raba kiɗan waƙar. Karanta ta da ƙarfi, kana tsayawa a kowane fili gwargwadon numfashi ɗaya. Fuskokin suna zuwa ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ido ke tsinto su cikin mutane. Kuma "reshe" yana zuwa shi kaɗai a ƙarshe, bayan an sa ka jira da sifa biyu ba ka san abin da suke siffantawa ba.

Shawarata ga duk mai rubuta sharhi: a sakin layin farko ka faɗi bugun da kake amfani da shi. In ba ka yi ba, rabin abin da za ka faɗa a kan tsari yana iya zama daidai a wani bugu, kuskure a wani.

Ɗanjuma:
Ku ba ni dama in kawo asalin tsarin. Wannan haiku ce ta Japan da aka sa wa rigar Turanci. Pound ya samu takardun wani masani Ba'amurke, Ernest Fenollosa, kan adabin Sin da Japan, daga nan ya koyi wannan salo.

Malam Iliyasu:
Ɗanjuma, rabin maganarka daidai, rabin kuma lissafin shekaru bai yarda da ita ba. Matar Fenollosa ta miƙa wa Pound takardun mijinta ne a ƙarshen 1913, alhali waƙar ta riga ta fito tun Afrilu. Abin da takardun suka haifar shi ne littafinsa na waƙoƙin Sin na 1915. Sanin haiku kuwa ya riga ya shiga tsakanin matasan mawaƙan Landan kafin nan, irin su T. E. Hulme da F. S. Flint, galibi ta hanyar fassarar Faransanci da Turanci.

Amma dangantakar tana nan, Pound ma bai ɓoye ba. A maƙalar 1914 ya kawo wata tsohuwar waƙar Japan da ake danganta wa Arakida Moritake, wanda ya rasu a 1549. Ma'anarta: furen da ya faɗo ya tashi ya koma reshensa, ashe malam-buɗe-littafi ne. Ya ce irin wannan waƙa ɗora wani tunani ne a kan wani. Ka lura har fure da reshe suna cikinta.

Sai dai kar ɗalibi ya rubuta "haiku ce" kai tsaye. Haiku gaɓa 17 ce, 5 da 7 da 5. Wannan 19 ce, 12 da 7. Abin da ya ɗauko shi ne yankan tsakiya. Mawaƙan Japan suna da 'yan kalmomi na musamman da suke sakawa su yanke waƙa gida biyu, Turanci ba shi da su, sai ya sa alamar rubutu ta yi aikin. Haiku kuma tana son kalmar da ke nuna yanayin shekara, ga shi fallayen fure da ruwan sama sun nuna lokacin da itatuwa ke fure a can. Bambanci babba shi ne rabin waƙarsa a cikin ramin ƙarfe da lantarki yake. Jirgin ƙarƙashin ƙasa na Paris a 1900 aka buɗe shi, wato lokacin da ya sauka a tashar abin bai wuce shekara 11 ba. Sabon abu ne fil, ya haɗa shi da hoton da mawaƙa suka yi ɗaruruwan shekaru suna amfani da shi.

Ɗanjuma:
Na karɓi gyara, Malam. Batun takardun na janye.

Hajiya Uwani:
Waƙar Moritake da Malam ya kawo ta tuna mini da abin da zai sauƙaƙa wa ɗalibanmu. Tsarinta na kacici-kacici ne. "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya." Amsa: tsintsiya. Ka ga hoto biyu, babu "kamar", kuma daɗin yana cikin daƙiƙar da hoton shanu ya faɗa kan hoton tsintsiya suka zama ɗaya. Yaron da ya taso yana jin irin wannan da dare ya riga ya san yadda ake tsallaka rami tsakanin hoto biyu. Ba sabon aiki ba ne ga ƙwaƙwalwarsa.

Amma a gaya masa inda suka rabu, in ba haka ba zai ɓata. Kacici-kacici yana mutuwa da zarar an ba da amsa, shanun sun tafi, tsintsiya ta rage. Ta Moritake ma kusan haka, an gano ba fure ba ne. A ta Pound an juya tsarin: an fara ba ka amsar, fuskoki a tasha, sannan aka ba ka hoton. Babu abin da za ka cinka. Kuma babu wanda ya tafi a cikin biyun.

Sagir:
Wannan ya shiga, Hajiya. To ga tambayar da ta fi damuna: kalma ta biyu, apparition. Malam Habibu ya ce "bayyana". Ƙamus kuwa yana ba da fatalwa. In fatalwa ce, ai waƙar ta mutuwa ce, kuma ɗalibin nan mai shafi uku bai yi laifi ba.

Malama Rakiya:
Kalmar tana ɗauke da duka biyun, shi ya sa ta tsira daga yankan. A Turanci ta fi karkata ga abin da ya bayyana daga wata duniya. A Faransanci kuwa, harshen garin da abin ya faru, ma'anarta ta yau da kullum ita ce ɓullowar abu kwatsam. Ita ce kalma mafi tsawo a waƙar, gaɓa huɗu, kuma ita kaɗai ce ba sunan abin da ido ke gani ba. Abin da aka ɗora a kan fallayen fure ma, in ka bi nahawun, ba fuskokin ba ne, yanayin bayyanarsu ne. Wannan wuri da yawa suna tsallake shi.

Karatun mutuwa yana da madogara. Hugh Kenner, a littafinsa na 1971 kan zamanin Pound, ya nuna cewa taron nan a ƙarƙashin ƙasa aka gan shi, kamar yadda jaruman tatsuniyoyin Girka suka sauka lahira suka ga taron matattu. Hujjar wannan karatu uku ce kuma duk suna kan takarda: sunan waƙar ya kai mu ƙarƙashin ƙasa, kalmar tana da warin fatalwa, fallen fure kuma ba ya daɗewa. Laifin mai shafi uku shi ne ya faro daga mutuwa ya nemi waƙar ta bi shi. Ma'aunin mai sauƙi ne: kowace jimla ta fassara da ka rubuta, ka iya ja mata layi zuwa wata kalma, ko alama, ko sauti a cikin kalma 20 ɗin nan. Jimlar da layinta bai sauka ko'ina ba, taka ce, a cire ta.

Bilkisu:
A kan sunan waƙar da Malama ta ambata: a gwada cire shi. Babu tasha, babu jirgi, babu birni, babu ƙarƙashin ƙasa. Taron yana iya zama na kasuwa da rana tsaka. Duk duhun ɗangon farko daga sunan yake zuwa. Don haka a sharhi a ɗauke shi a matsayin ɗango na ɗaya, waƙar ta zama mai hawa uku: wuri, abin da aka gani, abin da gani ya koma.

Sautin ma kar a bar shi. Kalmomin ƙarshen ɗango biyun, crowd da bough, suna da tagwan wasali ɗaya, "au", amma ta farko harafin "d" ya rufe ta, ta biyu a buɗe take. Amsa-amo ne da bai cika ba, kamar yadda kamannin hotunan bai cika ba. Ɗangon farko yana gudu da gaɓoɓi marasa nauyi da yawa. Na biyu yana ƙarewa da kalma uku masu gaɓa ɗaya-ɗaya, duka masu nauyi, ga waƙafi a tsakani yana taka birki, ga "b" biyu a jere. Baki da kansa yake rage gudu.

Habibu:
Alhamdu lillahi, an ba ni fiye da abin da na tambaya. Tunda mun kwance ta, ku duba fassarar da na kawo. Ni kaina na ga ba ta zauna ba, musamman "taro".

Hajiya Uwani:
"Taro" kam a cire shi, Malam. Taro yana da dalili, an kira mutane sun zo, suna da abin da ya haɗa su. Mutanen tasha kowa harkar gabansa yake yi. "Cunkoso" ya fi ba da matsi da gumi, "turmutsitsi" ya kawo ture-ture da hayaniya, waƙar kuwa shiru take. "Cincirindo" ya fi kusa, yawa ne kawai ba tare da an ce suna yin wani abu ba.

"Fallayen fure" kuma a riƙe shi da kyau, kar wani ya ce "furanni" don ya fi daɗin baki. Fure cikakke yana zaune a kan itacensa, yana da gindi. Falle ɗaya-ɗaya kuwa ya rabu da uwarsa. Ku tuna yadda abin yake bayan an ɗauke ruwa: ɓawon itace ya jiƙe ya yi duhu fiye da yadda yake, iska ta kakkaɓo fallaye, wasu suka manne a jikin reshen, sun kwanta lif saboda danshi, kowanne shi kaɗai, sirara har kana iya ganin duhun ɓawon ta cikinsu. Da rana ta fito reshen ya bushe za su zube. Kalmar "jiƙaƙƙe" aiki uku take yi a nan: ita ta baƙanta reshen, ita ta manna fallayen, ita kuma ta nuna abin ba mai daɗewa ba ne. In ka ce "furanni" duk ukun sun tafi.

Ɗanjuma:
Ga tarkon da na ga mai fassara zuwa Hausa zai fi faɗawa, guda uku. Harshenmu yana son "ne" a ƙarshen jimla marar aikatau, sai hannu ya rubuta "fallayen fure ne a kan reshe". Wannan "ne" ɗin ya yanke hukuncin da Bilkisu ta nuna mawaƙin ya yi ta ja da baya daga gare shi. Na biyu "kamar". Na uku kalmomin ƙarfafawa: "baƙi ƙirin", "jiƙe sharkaf". Suna da daɗi, amma suna ɗaga murya, kuma ƙa'idar da Pound da abokansa mawaƙa suka buga a mujallar Poetry a watan Maris 1913 ta ce kar a saka kalma ko ɗaya da ba ta ƙara wa hoton komai ba. Sauran ƙa'idojin biyu: a tunkari abin kai tsaye, kuma kiɗan ya bi numfashin magana maimakon ma'aunin da aka kafa tun farko.

Abin da Hausa ta ba mu kyauta shi ne "jiƙaƙƙen baƙin reshe". Sifofin sun riga sunan kamar a asali, reshe ya zo ƙarshe, ga "ƙ" tana ta bugawa a maƙogwaro, ta maye gurbin "b" biyun can.

Malam Iliyasu:
Akwai asarar da ba ku ƙidaya ba. A asali ɗango na biyu ya fi na farko gajarta sosai, 12 da 7, waƙar tana tsukewa tana sauka. A fassarar Habibu na farko gaɓa 12 ne, na biyu 14. Ta juye, ƙarshen ya fi farkon nauyi. Dalili kuwa abin da Turanci ya faɗa da gaɓa biyu mu sai da biyar, "fallayen fure". Cire "a" kafin "kan" ya rage ɗaya. In aka sa "cikin cincirindo" ɗangon farko ya ƙaru. Mafi kyawun abin da za a samu shi ne su yi kunnen doki, 13 da 13. Mai fassara ya san ya yi wannan asara, ya faɗe ta a sharhinsa.

Mai son ganin wata hanyar gajarta ya ajiye wannan kusa da waƙar William Carlos Williams ta 1923 kan jan baro da ruwan sama ya jiƙa, kusa da fararen kaji. Kalma 16 ce, baiti huɗu, kowane baiti kalma uku a sama ɗaya a ƙasa. A can hoto ɗaya ne, babu na biyu da aka ɗora masa, aikin duka yana wurin karya ɗango, har kalmar baro ya raba ta gida biyu. Dabarar da ta buɗe ta Pound, wato neman abin da ke tsakanin hoto biyu, ba za ta buɗe waccan ba.

Sagir:
Malam, wasu suna kawo siyasar Pound cikin sharhin, goyon bayan da ya ba Mussolini, shugaban mulkin kama-karya na Italiya, da jawaban da ya yi a rediyon Rum lokacin yaƙin duniya na biyu. A saka ko a bari?

Malam Iliyasu:
In ana rubuta tarihin mutumin dole a faɗa, da ƙiyayyar da ya nuna wa Yahudawa a jawaban, da kama shi a 1945, da shekarun da ya yi tsare a asibitin masu taɓin hankali a Washington har 1958. Abu ne mai muni kuma ba a ɓoye shi. Amma tsakaninsa da wannan waƙa kusan shekara 30 ne, kuma ma'aunin Rakiya ya shafe shi: ja layi daga gare shi zuwa wata kalma a cikin 20 ɗin, ka ga ko zai sauka.

Malama Rakiya:
Saura kalmar farko ta fassarar, wadda ta fi kowace wuya. "Bayyana" ta yi tsabta da yawa, babu tsoro a cikinta. "Fatalwa" ta rufe ƙofa ɗaya. "Ɓullowa" ta ba da kwatsam ɗin amma babu sanyin jiki. Da za a ce "fuskokin nan suna mini gizo" an samu ruɗin ido, sai dai an shigo da aikatau da kuma "ni", abu biyun da aka yi shekara ɗaya da rabi ana cirewa. Ni "gilmawa" nake ba ƙuri'a. In mutum ya ce wani abu ya gilma, bai tabbatar ko mutum ne ko inuwa ba, kuma kafin ya waiga ya wuce.

Gilmawar fuskokin nan cikin cincirindo;
Fallayen fure kan jiƙaƙƙen baƙin reshe.

Bilkisu:
Yaya Rakiya, ta fi ta farko nesa ba kusa ba, amma ina da ja a kan "gilmawa". Gilmawa wucewa ce, daga gefe zuwa gefe, abin yana tafiya. Fallayen da Hajiya ta siffanta kuwa a manne suke, ba sa motsi. A asali fuskokin fitowa suke yi daga duhu su tsaya cak a ido, shi ya sa hoton reshen ya dace da su. In fuskokin suna gilmawa, ɗango na biyu ya kamata ya zama fallaye a cikin iska, reshen ba shi da aiki ke nan. Ni zan koma "ɓullowa", in bar sunan waƙar da baƙin reshen su kawo sanyin jikin. Gaɓoɓin ma ba su canja ba, uku ce kamar waccan, 13 da 13 ɗin Malam suna nan.